Renon da Hakama Ta Koya Wurin Zomanya

Tun zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, lokacin da daji ya fi gari yawa, aka yi wata mace ana ce mata Hakama 'yar Nomau. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta gaji magani ba, bori bai taɓa hawa kanta ba. Masu son ƙawata labari sukan ce aljanu ne suka rene ta. Ƙarya ne. Abin da Allah ya ba ta ido ne, da haƙurin zama wuri ɗaya har inuwa ta juya.

Mutanenta maharba ne. Fari ya koro su daga arewa, gida goma sha bakwai, suka kafa tunga a gindin wata tsohuwar kuka mai kogo, wadda mutum ashirin za su shiga cikinta su zauna ba a takura ba. Gabas da tungar fili ne na sabara da geza, tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba. Yamma kuwa fadama ce mai laka da sarƙaƙiya. Shugabansu shi ne Sarkin Baka Anaruwa, wan mijin Hakama, namiji mai faɗa a ji, wanda kibiyarsa ba ta dawowa da kunya.

Mijin Hakama ɓauna ta kashe shi a shekarar da suka sauka. Ya bar ta da 'ya ɗaya. Ta haifi biyar, ta binne huɗu da hannunta, ta biyar ɗin aka sa mata Ajuji, sunan da ake ba ɗan wabi don mutuwa ta ga kamar ba a damu da shi ba ta wuce. Hakama ta karɓi sunan, amma ba ta iya nuna rashin damuwar ba. Yarinya ta kai shekara biyar uwar ba ta yarda ta ɓace mata da gani, ko bayan ɗaki ta zaga sai ta bi ta.

In maza suka raba nama, kason gwauruwa kai ne da ƙafa. Hakama ba mai roƙo ba ce. Ta murza igiyar rama ta yi tarko, ta shiga filin sabara neman zomo. Masu magana sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ita kuwa daga zaune ta san shi. Takan fito da asuba da 'yarta a baya, ta sami gindin geza ta zauna kamar kututture.

A nan ta ga abin da maharba ba su tsaya sun gani ba, don su da sun hango kunne sai kibiya. Ta ga zomo ba ya haƙa rami kamar gafiya. Ɗan wuri yake karcewa a gindin sabara, bai fi faɗin akushi ba, ya kwanta ya ba itacen baya, ya ba iska hanci, ido buɗe kamar mai jiran baƙo. Ba ta taɓa ganinsa a bakin tafki ba, raɓar safiya ta ishe shi. In kare ya tashe shi, ba ya miƙewa sambal kamar barewa, sai ya yi ta karkacewa, ya zaga ya zaga, har ya dawo daidai inda aka tashe shi, kare kuwa yana can yana haki a wani daji. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda yake komawa makwanci: sai ya wuce wurin, ya juyo ya bi sawunsa, sannan ya daka tsalle gefe guda, sawu ya yanke kamar an ɗauke shi sama.

Wata safiya da damina ta kusa taka wani abu a gindin sabara. Ta duba, ashe ɗan zomo ne, bai fi dunƙulen hannu ba, shi kaɗai, ya lafe da ƙasa. Ba uwa, ba 'yan'uwa. Ran Hakama ya ɓaci.

"Kai, tir!" in ji ta. "Wace uwar banza ce za ta haifi ɗa ta yar a fili?"

Tausayi ya kama ta. Kullum sai ta biyo ta wurin, safe da yamma, ta tsugunna ta duba shi, ta tsinko masa ɗanyar ciyawa. Kwana huɗu tana haka, har ƙafarta ta kwantar da ciyawa ta yi 'yar hanya. Rana ta biyar tana zaune nesa kaɗan, sai ga dila. Bai yi dube-dube ba. Ya sa hanci a kan hanyar da ta yi, ya bi ta tiryan-tiryan har gindin sabarar. Kuka ɗaya ta ji, siriri kamar na jariri.

Hakama ta daskare. Ta dubi hanyar, ta dubi ƙafarta. Ba wanda ya gaya mata, ita ta gaya wa kanta: dilan nan ni na kai shi.

Ba ta koma gida ba ranar. Ta zauna har rana ta yi ja, tana so ta ga uwar da ta kira ta banza. Dab da almuru sai ga zomanya, kunnenta na hagu a tsage. Ta tsaya a fako ta buga ƙafar baya a ƙasa. Sai ga ɗa ya fito daga wata sabara, wani daga wata can nesa, na uku daga gindin geza inda Hakama ta wuce sau goma ba ta ga komai ba. Ashe huɗu ta haifa, ta raba su wuri huɗu. Ta ba su nono, bai kai a sha ludayi uku na kunu ba, ta lashe su, ta daka tsalle ta tafi ba ta waiwaya ba. Kowane ya koma inda ya fito.

Bayan kwana biyu dilan ya dawo. Hakama na kallo ya wuce taki ɗaya daga ɗayansu, ɗan bai ko girgiza kunne ba. Uwar tana can a fili inda kowa zai gan ta. Da dila ya matsa, sai ta miƙe ta ɗaga farin bindinta, ta ruga gabansa kamar mai cewa ga ni. Ya bi ta. Da yamma ta dawo lafiya, 'ya'ya uku suka sha nono.

Ranar nan Hakama ta kwance tarkunanta duka. Ta sauke Ajuji daga baya, ta koya mata wani wasa da ta sa wa suna lafe. Yaro zai kwanta a gindin sabara, a shafa masa toka da ƙasa, a watsa masa busasshen ganye, ya sa kunne a ƙasa. Ko an kira sunansa ba zai amsa ba, ko da muryar uwarsa ce. Ba zai tashi ba sai ya ji an buga taɓarya a ƙasa sau uku. Wanda ya fi daɗewa shi ya ci, a ba shi ƙwallon goruba. Yaran tunga suka gani suka shigo, har ya zama ba su da wasan da ya fi shi.

Manya kuwa dariya suka yi ta yi. Kyauta, matar Anaruwa, faccalar Hakama, ita ta fi kowa tsiya.

"Hakama, an ce kin bar cin zomo kin koma almajirarsa? Gobe kuma sai mu ga kunnenki ya yi tsawo."

"In ya yi tsawo na riga ki jin abin da ke tafe," in ji Hakama.

Shekara ta juyo, kaka ta yi. Wata asuba wani mutum ya faɗo tungar jina-jina, daga tungar maƙera da ke kudu. Ya ce mahara ne masu kamun bayi, a kan dawaki, sun fi arba'in, sun ƙone tasu tungar jiya, kuma kafin hantsi suna nan. Manya ba su dame su ba, yara suke so.

Anaruwa bai ɓata lokaci ba. Ya ce a tara yara duka a kogon kuka, a toshe bakin da ƙaya, maza goma sha tara su tsaya a gaba da baka. Kowa ya ce haka ne. Sai Hakama ta ratso tsakiyar maza, abin da mace ba ta yi.

"Yaya, ka dubi ƙasa. Hanya nawa ta tafi gindin kukar nan? Makaho ma zai same ta. Za ka tara musu 'ya'yanmu a kwando ɗaya, su zo su ɗauka ko sunkuyawa ba su yi ba."

"To ina za mu kai su, matar ƙanena?"

"Fili. Kowane da sabararsa. Mu kuma mu tafi mu bar su."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Anaruwa ya dubi Hakama kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ke da kika binne huɗu, ke ce za ki ce a yar da yara a fili kamar kashin awaki? Baƙin ciki ya taɓa miki kai."

"Na binne huɗu ina rungume da su, Sarkin Baka. Wannan zan gwada saki."

Ba lokacin gardama. Anaruwa ya ce kowace uwa ta yi yadda ta ga dama, amma 'ya'yansa maza biyu kuka za su shiga. Yara goma sha ɗaya aka kai kuka. Mata tara suka bi Hakama da yara goma sha huɗu har da Ajuji, masu shan nono kuwa suna bayan iyayensu. Ana cikin haka sai ga Kyauta ta biyo su a guje, tana jan autarta mace da hannu, ba ta iya haɗa ido da Hakama ba.

"Ya ɗauki maza," in ji ta. "Wannan tawa ce."

Suka zama goma sha biyar. Hakama ta raba su a filin, ba biyu a wuri ɗaya, ko 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta sa iyaye su wuce wurin, su juyo su bi sawunsu, su tsallaka kan fako inda ƙafa ba ta kamawa. Wurare masu duhun ganye suka ƙare. Saura sabara ɗaya, 'yar ƙarama, a bakin hanyar da ta fito daga kudu, inda dawaki za su bi. Duk uwar da aka nuna wa ita sai ta kau da kai. Hakama ta kama hannun Ajuji ta kai ta can.

Ta shafa mata toka. Ta kwantar da ita.

"Yau goruba goma ce. Ko ni kika ji ina kira, kada ki tashi."

"Sai taɓarya, Inna."

"Sai taɓarya."

Ta miƙe ta tafi. Waɗanda suka gani sun ce ba ta waiwaya ba, amma leɓenta na ƙasa ta cije shi har jini ya sauko haɓa.

Ta kai matan bakin fadama, kan wani ɗan tudu inda za a gan su daga nesa. Ta sa kowace ta riƙe farin saƙi a dunƙule. Hantsi na dubawa ƙura ta tashi daga kudu. Maharan suka rabu biyu: mafi yawansu suka bi babbar hanya zuwa kuka, kamar an aika musu jagora, wajen goma kuma suka bazu cikin sabara suna sukar ciyawa da masu.

Kyauta ta ga doki ya nufi wajen autarta. Ta saki ƙara ta zabura za ta koma. Hakama ta shaƙo wuyan zanenta, ta kwaɗa mata mari har ta zube, ta danne ta da gwiwa. Matan suka buɗe baki, don matar Sarkin Baka ce.

"Sake ni, 'yata ce!"

"Ƙafarki ce za ta kashe ta. Na taɓa yi, na sani. Ki dubi sama, ki dubi laka, kada ki dubi wurin."

Dokin ya wuce autar Kyauta. Sai Hakama ta ɗaga kai ta ga wani barde a kan baƙin doki ya ja linzami a bakin hanya, daidai 'yar sabarar nan. Wani abu ya gani, ko ya ji. Ya sunkuya daga kan sirdi. Ya juya mashi, tsini ƙasa.

Ita da ta hana wata kallo, idonta ya ƙi barin wurin. Ƙafafunta suka ce mata tafi. Duk jikinta ya ce mata tafi. Ta sa yatsu ta damƙi ƙasa har farce ya karye.

Mashi ya ɗaga. Sai wani abu ya yi tsalle fit daga gindin sabarar, ta tsakanin ƙafafun dokin, farin bindi a sama. Doki ya zabura ya yi baya. Barden ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wa ɗan'uwansa, "Zomo ne!"

A nan masu labari suka rabu. Wasu sun rantse zomanyar nan ce mai tsagaggen kunne, ta zo ta kwanta jikin yarinyar tun safe. To, zomo mai tsagaggen kunne ba ɗaya ba ne a daji, kuma daga bakin fadama ba mai iya ganin kunnen zomo. Abin da ba a yi musu a kansa ba shi ne zomo ya tashi, kuma a lokacin da ya tashi.

Hakama ba ta jira barden ya sake tunani ba. Ta miƙe tsaye, ta warware farin saƙi ta kaɗa shi sama, ta rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya. Matan suka ɗauka. Maharan da ke filin suka juyo gaba ɗaya, suka bar sabara suka sako dawaki. Matan suka faɗa fadama, ba su gudu a miƙe ba, wannan ta yi dama, waccan ta yi hagu, saƙi ya bayyana nan ya ɓace can. Dawaki suka nutse a laka har ƙirji, sarƙaƙiya ta kama riguna. Wani ya jefi Hakama da mashi ya tsaga mata kafaɗa, ba ta tsaya ba. Suka zaga ta bayan fadama, babban zagaye, suka kwanta cikin gamba har rana ta karkata, suna ganin hayaƙi yana tashi daga wajen tunga.

Da la'asar sakaliya suka dawo inda aka tashe su.

Tunga ta zama toka. Bakin kuka ya yi baƙi ƙirin. Maza sun yi faɗa iyakar faɗa, sun kayar da tara, amma an kashe musu biyar, aka cusa ɗanyen ganye da wuta a kogon, yara suka fito suna tari aka zura su a igiya ɗaya. Goma sha ɗaya, ba a bar ko ɗaya ba. Anaruwa na zaune a gindin kukar da sara a goshi, bakansa a kan cinya, yana kallon hanyar kudu.

Hakama ba ta tsaya wurinsa ba. Ta ruga filin sabara. Fili shiru, ba motsi, sai sawun kofato ko'ina. Nan hankalin da ta riƙe tun safe ya tsinke.

"Ajuji! Ajuji!"

Ba amsa. Matan suka bazu suna kiran sunaye, suna kuka, suna yaye ganye. Ba amsa ko ɗaya. Hakama ta je bakin hanya, dawaki sun tattake wurin, ta rasa wace sabarar ce. Ta wuce ta dawo, ta wuce ta dawo. Ta durƙusa ta ɗora hannu a ka, ta ce shi ke nan, na yar da ita da hannuna.

Kyauta ce, kumatunta a kumbure, ta zo tana jan wata taɓarya da wuta ta ci rabinta. Ta jefa mata a gaba.

"Ke kika kafa dokar, uwar zomaye. Tashi ki buga."

Hakama ta ɗauka da hannun da ke da lafiya. Ta buga ƙasa. Ta sake. Ta sake.

Sai fili ya motsa. Kai ya ɓullo nan, wani can, wani daga inda wata uwa ta taka yanzun nan, farare fat da toka kamar waɗanda suka fito daga kabari. Maza da suka biyo baya suka ja da baya don tsoro. Aka ƙirga goma sha huɗu. Ta goma sha biyar ba ta iya tashi ba, ƙafafunta sun sage. Tana nan taki biyu daga inda uwarta ta durƙusa. Cinnaku sun cije ta tun daga wuya har ƙugu, jiki duk ya yi rudu-rudu. A gefen kanta, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ga sawun kofaton doki ya nutse a ƙasa.

Ajuji ta buɗe ido ta ce, "Inna, wa ya ci?"

An ce Hakama ba ta yi kuka ba ranar da ɓauna ta kashe mijinta. A nan ta yi.

Anaruwa ya zo ya ɗauki autarsa, ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'yansa. Ya daɗe yana kallon sawun kofaton. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Na kashe zomo ya fi gashin kaina yawa, ban taɓa zama na ga yadda yake kwana ba." Ya cire kibiya ya karya ta a gwiwa, ya rantse shi da zuriyarsa sun bar naman zomo har abada. Ya bi sawun maharan wata uku, ya dawo hannu wofi, bai ƙara zama a inuwar kukar nan ba.

Ba su sake gini a gindinta ba. Suka koma bakin filin suka kafa gari, kuma ba a yanke wata shawara a cikinsa sai an ji ta bakin Hakama. Ta tsufa har ta ga jikokin Ajuji. Maroƙa na yi mata kirari: Hakama ta Nomau, mai barci ido buɗe. Uwar da ta ba da baya ta tsira da goma sha biyar. Farin saƙi, bi ni ka bar nawa.

Garin shi ake kira Sabarar Hakama. Har yau ba a cin zomo a can, kuma maharbin da ya shigo da shi a rataye ba a ba shi ruwan sha. Ba sa jera rumbuna wuri ɗaya, kowane gida nasa a warwatse suke, shi ya sa gobara ba ta taɓa cinye musu abincin shekara ba. Filin sabarar gabas yana nan, gonaki sun kewaye shi, ba mai sa masa gatari.

Kuma duk yaron da aka yaye, ranar da ya cika kwana arba'in da yaye, uwarsa za ta kai shi filin da hantsi, ta shafa masa toka, ta kwantar da shi a gindin sabara, ta juya ta tafi har sai tsohuwar gida ta buga taɓarya. Matan da aka auro daga wasu garuruwa, in ranarsu ta zo, sukan tsaya a bakin fili, su ce wannan wane irin rashin imani ne. Tsofaffin ba sa lallashi. Sukan ce wa kowace, "Wadda ta fara, doki ne a kan 'yarta. Ke ko akuya babu. Wuce, kada ki waiwaya."